Ranar Wanka Ba A Ɓoyon Cibiya

Bahaushe ya ɗora wa ciki kaya da yawa. Tuwo a ciki yake sauka. Mace mai juna biyu, a ce tana da ciki. Wanda aka yi wa haihuwa yana farin ciki, wanda aka yi wa rasuwa yana baƙin ciki, mai riƙe asiri kuma a ce yana da zurfin ciki. Haka ƙirji ma. In tsoro ya zo, gaba ce ke faɗuwa. In fushi ya zo, a ce mutum ya yi zuciya. Saboda haka sa'ad da majinyaci ya zauna gabanmu ya ce, "Malama, cikina ke ciwo," ko kuwa, "Zuciyata ce," bai faɗa mana sunan cuta ba tukuna. Ƙofar gidan kawai ya nuna mana.

Ina aikin jinya a wani ƙaramin asibiti na ikkilisiya kusa da Briqueterie, unguwar Hausawa ta birnin Yawunde. Da yawa cikin masu zuwa mana mutanen ƙauye ne. Sun biyo jirgin ƙasa na dare daga Ngaundere, ko mota daga Tibati, Banyo da Meiganga, sun sauka gidan ɗan'uwa a unguwar. Sukan iso da leda cike da takardun gwaji da ragowar ƙwayoyi, da buri guda: a sa su a na'ura ta faɗi abin da ke damunsu. Na'ura tana da amfaninta, ba na raina ta. Amma abin da aka koya mana a makarantar jinya, shekarun aiki kuma suka tabbatar mini, shi ne yawancin gane cuta daga bakin mai ita yake fitowa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sai dai bakin nan yana da masu gadi: kunya, tsoro, zargi, da haƙurin da aka ajiye inda ba wurinsa ba.

Abin da muke yi kafin hoto

Da tambaya muke farawa. Yaushe ciwon ya soma? Suka yake yi, ko ƙuna, ko murɗa, ko kamar an danne ka da dutse? Me ke tayar da shi: abinci, yunwa, tafiya, kwanciya? Sa'an nan mu ce, "Nuna mini wurin." Hannu yana magana. Mai gyambon ciki sau da yawa yatsa ɗaya yake ɗorawa a ƙahon zuciya. Mai ciwon zuciya na ainihi yakan dunƙule hannu a tsakiyar ƙirji. Mai murɗar hanji yakan shafa cikin duka da tafin hannu.

Daga nan sai mu duba farin ido ko ya yi rawaya, tafin hannu ko jini ya ragu, ƙafa ko ta kumbura. Mu auna zafin jiki. Mu ƙirga bugun jini, wanda ga babban mutum a zaune yake tsakanin 60 da 100 a minti ɗaya. Mu ɗaura awo a dantse. In yana kai wa 140 bisa 90 ko fiye a ranaku dabam-dabam, akwai hawan jini. Sai mu kwantar da mutum mu lalubi cikin, mu ƙwanƙwasa shi da yatsa kamar mai zaɓen kankana. Iska tana amsawa kamar ganga, ruwa ko ƙari kuwa ba ya amsawa.

Abin sauraron ƙirjin nan da muke ratayawa a wuya, kunya ce ta haife shi. A da, likita kunnensa yake ɗorawa a ƙirjin majinyaci. A 1816, a birnin Paris na Faransa, wani likita mai suna Laennec ya ji nauyin yi wa wata matashiya haka, sai ya naɗe takarda kamar bututu ya saurara ta ciki. Ya ji bugun zuciyar sarai, fiye da yadda ya saba ji. Ku lura, kunyar ba ta hana shi sauraro ba, hanya ta sa ya sake. Ke ma kina da ikon cewa mace kike so ta duba ki, ko a ja labule, ko 'yan rakiya su ɗan fita. Abin da ba za ki yi ba shi ne ki koma gida ba a duba wurin ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya.

Tarin da ake rage wa kwanaki

Tarin mura yana tafiya cikin mako guda ko kwana goma. Wanda ya kai mako biyu bai tafi ba, musamman in akwai zufar dare har ta jiƙa riga, da zazzaɓin yamma, da rama, ko jini a cikin kaki, muna ɗaukarsa tarin fuka har sai gwaji ya wanke shi. Kaki ake gwadawa. Ƙwayar cutar, wadda likitan Jamus Robert Koch ya gano a 1882, ana ganinta da madubin likita. A manyan cibiyoyi kuma akwai na'urar GeneXpert, mai ba da amsa cikin kamar awa biyu, har ta nuna ko ƙwayar tana jin babban maganin ko ba ta ji.

Duk wannan bai da wuya. Wuyar tana ga tambaya ta farko. Na ce, "Alhaji, kwana nawa da tarin nan?" Ya ce, "Kwana uku ne, sanyin damina ne." Ina kallon wuyan rigarsa ya yi masa yawa, zariyar wando an ƙara mata ƙulli. Sai matarsa daga bakin ƙofa ta ce, a hankali, "Tun kafin babbar salla yake yi." Ba na kiran wannan mutum maƙaryaci. Tsoro yake ji, kuma tsoronsa yana da dalili. Mai tsire yana tunanin masu saye za su gudu. Budurwa tana tunanin za a fasa aurenta. Magidanci ya san wasu da sun ji tarin fuka sai su ce ƙanjamau. Sai mutum ya rage wa tarinsa kwanaki, kamar in ya rage su a baki za su ragu a huhu.

Amma ku dubi wanda ke biyan kuɗin wannan shiru. Ƙwayar a iska take tafiya, in mai ita ya yi tari a ɗaki rufe. Ɗakunan haya na Briqueterie ƙanana ne, taga ɗaya, ga baƙi daga ƙauye, ga yara a tabarma. Yaron da ke kwana kusa da baba shi ke shaƙa. Cin abinci a kwano ɗaya ba ya ɗaukar ta, gaisawa da hannu ma haka. Ware wa mai tari kwanonsa da cokalinsa wulaƙanci ne da bai kare kowa ba. Buɗe taga, da rufe baki lokacin tari, da soma magani da wuri, su ne ke kare gida. In an yi kamar mako biyu ana shan maganin da ya dace, haɗarin sa wa wani yana raguwa ƙwarai.

Maganin kyauta ne a cibiyoyin tarin fuka na ƙasar nan, wata shida ake sha. Wata biyu na farko magani huɗu ne a haɗe, wata huɗu na baya biyu. Ɗaya daga ciki yana mai da fitsari ja-ja. Ba jini ba ne, kada a firgita. Tarkon yana wata na biyu, sa'ad da tari ya tafi, jiki ya murmure, mutum ya ce ya warke, ya hau jirgi ya koma gona. Ƙwayar da ta rage takan dawo da taurin kai, maganinta ya fi wuya, ya fi ɗaci. Mai shirin komawa ƙauye ya faɗa, a rubuta masa takarda zuwa cibiyar da ta fi kusa da shi. Kowane mai tarin fuka kuma muna ba shi shawarar gwajin ƙanjamau. Ba zargi ba ne, ƙa'ida ce ga kowa, kuma da yawa ba su da ita.

Ga yara magana gajeriya ce. Yaro mai tari da zazzaɓi, ki ɗaga rigarsa yana kwance lafiya, ki ƙirga numfashinsa minti ɗaya. Daga wata 2 zuwa 11, in ya kai 50. Daga shekara 1 zuwa 5, in ya kai 40. Ko in ƙasan haƙarƙari yana lotsawa ciki sa'ad da ya ja numfashi, ciwon huhu ne. Asibiti ranar nan.

Uku a wuri ɗaya

Abu uku ne ke yawan zama tsakiyar ƙirji, kuma duka ukun "zuciya" ake ce musu. Ƙwannafi ƙuna ce mai tasowa daga ciki zuwa maƙogwaro, bayan cin abinci ko in an kwanta, da tsami a baki. Ciwon zuciya na ainihi nauyi ne da matsewa. Yawunde birni ne mai tuddai, yakan tona shi: mutum yana hawan tudu ƙirji ya ɗaure, ya tsaya ya sake. In nauyin ya zo ana zaune, ya wuce minti 15, ya gangara hannun hagu ko muƙamuƙi, da zufa mai sanyi, ba a jiran wayewar gari. A nufi babban asibiti, kamar Hôpital Central. Mata da masu ciwon suga, nasu yakan zo a ɓoye, gajiya kawai da haki. Na ukun faɗuwar gaba ce, zan dawo kanta.

Akwai kuma zuciyar da ta gaji: ƙafa ta kumbura, mutum ba ya iya kwanciya sai da matashi uku. In mai jego ce, a yi hanzari. A shekarun 1970 likitoci a Zariya sun lura wannan ciwo ya yi yawa ga masu jego, suka danganta shi da kunun kanwa mai yawa, da wankan ruwa mai tsananin zafi, da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta. Mai jego ba ta iya musa wa uwar mijinta. Iyaye mata, ku ne za ku sassauta.

Cikin da ke ƙuna, da cikin da ba ya jira

Mai gyambon ciki yakan zo da laifin a hannu. Ko yajin tsiren unguwar, ko tunani. Yaji yana tsokanar gyambo, tunani yana ƙara masa zafi, amma masu haƙa ramin biyu ne. Na farko wata ƙwayar cuta ce, Helicobacter pylori, wadda kusan rabin mutanen duniya ke ɗauke da ita, galibi tun ƙuruciya. Likitoci biyu na Ostareliya, Robin Warren da Barry Marshall, su suka gano ta. Da aka ƙi yarda da su, Marshall ya kwankwaɗi ƙwayar da kansa a 1984, cikinsa ya kamu. A 2005 aka ba su kyautar Nobel. Ana gwada ta a bayan gida, ana kashe ta da magani na kwana 10 zuwa 14.

Na biyu ƙwayoyin ciwon jiki ne: diclofenac, ibuprofen, aspirin. Mai acaɓa da ɗan dako sukan haɗiye biyu kowace safiya, ciki babu komai, daga tiren mai talla. In na ce, "Kana shan wani magani?" sai ya ce a'a, domin a ganinsa wannan ba magani ba ne, karin kumallo ne. Wani kuma ya ɓoye don akwai tiramol a haɗin. Ɗan'uwa, ba 'yan sanda muke ba. Kawo fakitin mu gani. Bayan gida baƙi ƙirin kamar kwalta, ko amai mai jini, gyambon ne ke zubar da jini. Suka farat ɗaya, ciki ya sandare kamar katako, ya huje ke nan. Dattijon da ƙunar ciki ta zo masa sabuwa, da rama, ko abinci yana tsaya masa a ƙirji, sai an zura kyamara an gani. Mai gyambo da ke son yin azumi ya zo mu yi shawara tun wata bai kama ba.

Wasu ciwon cikin aikin tiyata ne. Afendis yana somawa wajen cibiya, cikin yini guda ya koma ƙasan dama, mutum ya ƙi abinci, tari ko ramin hanya ya sa shi ƙara. Gwaiwar da ta saba komawa, yau ta ƙi, ta yi tauri, ga amai, hanji ne ya shaƙe. Maza sukan ɓoye wannan shekara da shekaru saboda wurin da take. A irin waɗannan kada a ba da kanwa, ko jiƙo, ko maganin wanke ciki, kada a gasa, kada a ci komai.

Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne cikin da ya zauna a wajen mahaifa. Mace ta yi ɓatan wata ɗaya ko biyu, mara tana ciwo gefe guda, jini yana ɗiga kaɗan-kaɗan, sai jiri, wani lokaci har kan kafaɗa ya yi ciwo. In ya fashe, jini a ciki yake zuba, ba a ganinsa, kuma awoyi kaɗan ne tsakaninta da mutuwa. Tambaya ɗaya ke tona shi: "Yaushe rabonki da al'ada?" To amarya mai cikin fari ba ta amsa wannan a gaban uwar miji, sai ta sunkuyar da kai, Inna ta amsa mata, "Shawara ce ke damunta." Yarinyar da ba ta yi aure ba kuwa, gaban mahaifinta, za ta gwammace ta mutu. Shi ya sa nakan ce, "Inna, ki ɗan ba mu wuri." Kada ku ji haushi. Abin da aka faɗa mana a ɗakin nan, a nan yake tsayawa.

Af, kafin in manta. Ba kowane ciwon ciki da zazzaɓi ne taifot ba. Gwajin Widal da ake yawan yi yana iya nuna akwai ga mutumin da ba shi da ita. Kada takarda ɗaya ta sa ka shekara kana shan maganin taifot.

"An ba shi a abinci"

Wani lokaci ana kawo mana magidanci ciki ya kumbura da ruwa, ido rawaya, hannu da ƙafa sun tsotse. Kafin ya iso, gida ya riga ya yanke hukunci: sammu ne, an ba shi a abinci. Har an san wadda ta yi. Kishiya ce, ko matar wa, ko abokin ciniki.

Sau da yawa hanta ce ta lalace, kuma babban mai lalata ta a nan ciwon hanta ne nau'in B. Kusan mutum ɗaya cikin manya goma a Kamaru yana ɗauke da shi, yawanci bai sani ba. Da yawa sun same shi tun ranar haihuwa ko suna ƙanana, wasu ta askar da aka yi wa mutane da yawa aiki da ita, ko allura, ko saduwa. Yakan yi shekara ashirin, talatin, yana ci a ɓoye. Giya tana ƙara masa ƙarfi, haka gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna. Watau abin da ake ɗora wa amaryar da ta shigo bara yana jikin mutumin tun kafin a haife ta.

Na san abin da ya sa zargi ke da daɗi. Ciwon da ba shi da mai laifi ya fi wuyar ɗauka; in akwai wanda za a tsana, zuciya ta sami abin yi. Wasu kuma kansu suke zarga, su ce alhaki ne ya kama su, don haka ba su cancanci magani ba. Dukanmu, Kirista da Musulmi, mun san labarin Ayuba, mutumin kirki da ciwo ya kwantar. A Littafi Mai Tsarki abokansa sun nace lalle ya yi wani laifi, a ƙarshe su aka tsauta wa. Watannin da ake kashewa wajen neman mai sammu, su ne watannin da ya kamata a gwada jinin mata da 'ya'ya, a yi wa marasa shi rigakafi, masu shi kuma a sa musu ido. Tun 2005 rigakafin yana cikin alluran jarirai na ƙasar nan.

In gwaji bai nuna komai ba

Saura faɗuwar gaba. Mace ta zo ta ce zuciyarta tana bugawa kamar za ta fito, numfashi ba ya isarta, yatsu suna tsira, tana jin yau za ta mutu. Minti goma, ashirin, ya lafa. Ko ɗan kasuwa ya zo da ƙunar ciki wata shida, ya zaga asibiti huɗu, hotuna duk lafiya. Irin waɗannan mukan auna su da kyau tukuna, jini da zuciya da suga, domin mai damuwa ma yana iya kamuwa da ciwon zuciya. In komai ya fita lafiya, ba na cewa, "Ba ki da komai." Tana da abu. Tsoro da baƙin ciki suna hanzarta zuciya, suna ɗaure ƙirji, suna murɗa hanji, kuma zafin da ake ji na gaske ne. Wanda ya fara cewa "baƙin ciki" ya san inda abin ke zama.

Sai in rufe littafin in ce, "Hajiya, yaya barci? Me ya faru a gida kafin ciwon ya soma?" Anan ake yin shiru mai tsawo. Sa'an nan ya fito: an yi mata kishiya ba a gaya mata ba, ɗa ya tafi ci-rani shekara biyu ba labari, bashin Alhaji ya fi jarinsa, kuma kowa a unguwa yana ganinsa mai kuɗi, jariri ya rasu aka ce ta yi haƙuri, ta yi, ba ta ko yi kuka ba. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, gaskiya ne. Amma rumbu ma in an cika shi fiye da kima, tsagewa yake. Haƙuri shi ne ka ɗauki abin da ba ka da ikon sakewa. Ƙin faɗa wa kowa wani abu ne dabam, mun dai ba su suna ɗaya.

Wasu magana da mutum ɗaya amintacce ta ishe su, fasto ko liman ko 'yar'uwa, tare da koyon jan numfashi a hankali in abin ya taso, da rage shayi mai kauri da goro da dare. Wanda ya yi mako biyu ko fiye ba barci, ba cin abinci, ba abin da ke masa daɗi, yana bukatar likita, kuma akwai magani. A Yawunde akan tura su asibitin Jamot, mai sunan likitan Faransa da ya yaƙi ciwon barci a ƙasar nan. Mutane da sun ji sunan sai su ce, "Ni ba mahaukaci ba ne." Asibitin nan yana duba masu ciwon huhu, yana duba masu ciwon damuwa, mai ganinka a bakin ƙofa bai san wanne ya kawo ka ba.

In ɗan'uwanku ya soma cewa ya gaji da duniya, ko gara ya huta, kada ku ce masa ya daina saɓo ku wuce. Ku tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin. Ku kwashe maganin feshi da na ɓera da ragowar ƙwayoyi daga ɗakin, wani ya kwana tare da shi, da safe ku kawo shi.